Bel ɗin injin yankan ciyawa mai kujera: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi mini a Maraɗi

A Maraɗi ciyawa dukiya ce. Mai jar akuya da mai ragon layya da kuɗinsu suke sayenta, shi ya sa ba kowa ke ganin dalilin sayen injin da zai daddatse ta ya watsar a ƙasa ba. Amma injin yana nan jefi-jefi: a filin ƙwallo, a harabar otal, a gidan gonar wani Alhaji a bakin Gulbi. Yawancinsu na hannu ne, sun iso ba takardar bayani, ba kayan canji. Asalin aikina gyaran injin niƙa ne da na ban ruwa, to da yake duk abin da ke juyawa da bel wurinmu ake kawo shi, waɗannan ma suka zama nawa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu injin da yaran da ke tuƙa musu suka fi yi mini.

Bel nawa ne a jikin injin, kuma me kowanne ke yi?

Galibi biyu ne. Na farko shi ne na wuƙaƙe: yana tasowa daga fuli (wato faifan ƙarfen da bel ke hawa a kansa) da ke ƙarƙashin injin, ya zagaya fulolin da ke saman kaskon nan da wuƙaƙe ke ciki. Na biyu shi ne na tafiya, yana can sama da na farko, a maƙale da cikin motar, yana kai ƙarfi daga injin zuwa akwatin giya da ke tsakanin tayoyin baya. Manyan kasake masu wuƙa uku wani lokaci suna da bel biyu su kaɗai.

Ganewa ba wuya. In motar na tafiya amma ba ta yanka, na wuƙaƙe ne. In wuƙa na juyawa amma motar ta ƙi motsi ko tana jan jiki, na tafiya ake fara zargi.

Malam, bel uku na saya a damina ɗaya. Jabu ake sayar mini ne?

Mai yiwuwa. Amma kafin ka koma ka yi faɗa da mai shago, kawo mini gawar bel ɗin in gani. Wannan ita ce maganar da na fi so kowa ya riƙe daga shafin nan: da wuya bel ya mutu don kansa. Wani abu ne ke kashe shi, kuma yana barin shaida a jikinsa. Wanda ya jefar da tsohon ya ɗaura sabo bai duba ba, ya ba abin da ya cinye na farko abincin gobe ne kawai.

Ga yadda ake karanta shi. In ya tsinke tsaf kamar an sa wuƙa, sauran jikinsa lafiya lau, to wani abu ne ya faɗa tsakaninsa da fuli, ko wuƙa ta daki dutse ko kututture ta tsaya cak. In wuri ɗaya ne ya ƙone ya siranta, kamar faɗin tafin hannu, bel ɗin ne ya tsaya alhali fulin injin na ci gaba da juyawa a kansa. Nemi abin da ya cije. In gefunansa biyu sun yi sheƙi sun yi tauri kamar gilashi, ya daɗe yana zamewa. In gefe ɗaya ne ya cinye, fulolin ba su kan layi ɗaya. In bayansa ne ya goge, ko fulin matsi (wanda ke danne bel don ya ɗaure) ya daina juyawa, ko bel ɗin na gugar wani ƙarfe. In ya kumbura ya yi laushi yana danƙo, mai ne ke ɗiga a kansa daga injin. Tsattsagewa ƙanana a cikinsa kuwa, ita ce kaɗai za a ce tsufa ne da zafi.

Akwai wani bawan Allah da ya kawo mini nasa bayan ya canja bel sau uku. Na kama fulin wuƙar dama da hannu, ya ƙi juyawa sai da ƙarfi. Da muka kwantar da kaskon, sai ga waya da leda da igiyar ɗaurin dabba sun nannaɗe a wuyan wuƙar, sun matse har sun cinye boris (zoben ƙwallayen ƙarfe da sandar wuƙa ke juyawa a cikinsa). Kuɗin bel uku ya tafi a kan abin da wuƙar aljihu za ta cire cikin minti biyar da an duba tun farko. Abin ya dame ni, don mutum ne mai lallaɓa kayansa, bai dai san inda zai duba ba.

Zan iya sa bel ɗin injin niƙa? Shi ne ake samu a kasuwa.

Wannan tambayar ta cancanci dogon bayani, don gaskiya ne: ka shiga wurin masu kayan inji a Maraɗi, bel mai lamba A da mai lamba B ba sa yankewa, saboda masu niƙa da masu casar gero suna saye kullum. Na injin ciyawa kuwa sai an aika Katsina ko Kano, wani lokaci sai Yamai, wani lokaci ma ba a samu.

Ta fuskar faɗi suna kama. Mai lamba A faɗin bayansa milimita 13 ne, kaurinsa 8, shi ne ake cewa rabin inci. Mai lamba B milimita 17 ne da 11. Yawancin injinan ciyawa ɗaya daga cikin biyun nan suke ɗauka. Amma aikin ba ɗaya ba ne. Bel ɗin injin niƙa fuli biyu kawai ya sani, gefe ɗaya yake lanƙwasawa, a ɗaure yake tun safe har dare. Na injin ciyawa yana zagaya fuli huɗu, biyar ko fiye, yana lanƙwasawa ciki ya lanƙwasa baya, a wasu injinan ma yana ɗan murɗewa. Sannan a yawancinsu shi ne kulocin kansa: in ka ja hannun wuƙa ana matse shi ne ya kama, in ka saki ya saki. Saboda haka ake lulluɓe shi da busasshen yadi don ya ɗan zame lokacin kamawa ba tare da ya fizga ba, kuma zaren da ke cikinsa na aramid ne, wanda aka fi sani da Kevlar, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya samar a 1965. Zaren nan ba ya miƙewa da sauƙi, yana kuma jure duka. Bel ɗin niƙa na yau da kullum zarensa na foliyesta ne, ya fi saurin miƙewa in ya sha zafi da fizga.

To hukuncina: in aiki ya matse, gobe akwai wasa ko taro, kuma tsawon ya yi daidai, sa na niƙan ka gama aikinka. Amma ka sani aro ka yi, ka aika a nemo na ainihin tun yau. Araha ba ta ado. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne fanbel na mota mai haƙora a ciki, wanda gefensa roba ce tsirara. Yana kamawa da ƙarfi fiye da kima, har wuƙa ta iya ci gaba da juyawa bayan ka saki hannunta. Ƙafar mutum ce a wurin.

Yaya zan san lambar da zan saya?

Hanya mafi tabbas ita ce lambar injin kansa. Ɗaga kujera, galibi akwai ɗan allo ko takarda a manne mai ɗauke da lambar samfurin. A wasu, kamar John Deere, a jikin ƙarfen motar take. Ɗauki hotonta da waya ka aika wa mai sayarwa, ka gaya masa faɗin kaskon: inci 42 ne, 46, 48 ko 54. Injin iri ɗaya da kasko daban, bel ɗinsu daban.

In takardar ta goge, sai awo. Nan ake yawan ruɗewa, don lambobin ba wuri ɗaya suke aunawa ba. Lambar da ke bin A ko B tsawon cikin bel ne da inci. A48 cikinsa inci 48 ne, bayansa 50. A kan A ana ƙara inci 2, a kan B ana ƙara 3. Wanda aka rubuta wa 4L500 kuwa bayansa aka auna, inci 50 ke nan, wato shi da A48 kusan abu ɗaya ne. Wanda ya zo daga Turai za ka ga an rubuta 13 x 1219 Li, milimita ke nan, tsawon ciki, don inci ɗaya milimita 25.4 ne. Bel ɗin wuƙaƙe sau da yawa ya wuce mita 2, kuma masu ƙera injin suna son sa masa tsawo mai guntun inci a kai, shi ya sa na kasuwa ke zuwa ko ya ɗan ɗara ko ya ɗan gaza.

In za ka auna tsohon, tuna ya riga ya miƙe kuma ya siranta. Kada ka ƙara masa komai. Inci ɗaya na ƙari ya isa ya sa bel zamewa da faɗuwa, inci ɗaya na ragi ya isa ya kashe boris.

Yaya ake canja na wuƙaƙe?

Fara da tsare kanka. Ajiye motar a wuri mai daidai, taka birki ka kulle, saki hannun wuƙa, zare makulli ka sa a aljihunka, sannan ka cire wayar buji (fulogi, mai ba injin wuta). Bari injin ya huce. Sa safar hannu, ko ka naɗe wuƙar da tsumma in za ka taɓa ta.

Sauke kaskon har ƙasa, ka kwance murafun da ke kan fulolin wuƙa. Kafin ka taɓa bel ɗin, ɗauki hoto ta gefe biyu. Wasu injinan suna da zanen hanyar bel a manne a kasko ko ƙarƙashin matakin ƙafa, amma ranarmu ba ta barin takarda. In bel ɗin ya riga ya tsinke ya fita, ƙa'idar ita ce: cikin bel mai tsini yana shiga fuli mai kwari, bayansa mai faɗi yana kwanciya a kan fuli mai sulɓi.

Sai ka sassauta fulin matsi. Akwai sifirin da ke jan hannunsa. Ja hannun da sifana, ko ka cire sifirin ɗin da igiya mai ƙarfi, fuskarka a kauce. Zare bel daga fulin injin, sannan daga sauran. Kusa da wasu fuloli akwai ƴan sandunan ƙarfe masu hana bel faɗowa. Sassauta notinsu, kada ka lanƙwasa su.

Yanzu ne aikin gaske, kuma nan ne kowa ke sauri. Share saman kaskon tas. Juya kowane fuli da hannu ka kasa kunne. Mai lafiya yana juyawa shiru, sumul. Wanda ke ƙara kamar akwai yashi a ciki, ko yana girgiza in ka kaɗa shi, boris ɗinsa ya tafi (wasu makanikanmu rulma suke cewa). Motsa hannun fulin matsi gaba da baya; in ya cije, kwance shi ka wanke ka shafa ɗan giris a maɗaurinsa kaɗai. Leƙa cikin kwarin kowane fuli: bel da gefunansa yake kamawa, bai kamata ya taɓa ƙasan kwarin ba. In ka ga ƙasan yana ƙyalli, fulin ya cinye ya buɗe, sabon bel ma zamewa zai yi.

In komai lafiya, ɗora sabon ka bar fulin matsi na ƙarshe. Kada ka danna shi da sukudireba ko ƙarfen cire taya. Zaren ciki yana tsinkewa ba ka gani, sai bayan kwana biyu ka ga bel yana kifewa a cikin fuli. Tabbata ya bi ta cikin sandunan tsaron nan, ba ta bayansu ba. Ni kaina na taɓa kuskuren nan da hantsi ina sauri, sabon bel ya ƙone kafin a gama zagaye biyu, kuma daga aljihuna na biya. Tun ranar sai na juya shi da hannu zagaye guda ina bin sa da ido kafin in mayar da wayar buji.

Na tafiya fa?

Ya fi wahala, don sai an fitar da kaskon gaba ɗaya an shiga ƙarƙashi. Taka birki ka kulle, a yawancin injinan hakan ne ke sassauta shi. In wuƙar ta lantarki ce, wato maɓalli ake ja ba hannu ba, akwai kuloci a ƙarƙashin injin mai waya. Sai an cire wayar da ƙarfen da ke riƙe shi kafin bel ya wuce. A baya akwai ƴar fankar roba a kan akwatin giya, lallaɓa ta, fikafikanta na karyewa, kuma ita ke sanyaya man giyar. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. In ba ka taɓa yi ba, wannan kai wa makanike ka tsaya kana kallo.

Na kai taya faci, da aka mayar motar ta ƙi tafiya. Bel ne?

Kusan kullum ba shi ba ne. Ƙaya ta sa muna cire tayoyin nan fiye da yadda masu ƙera su suka zata. Tsakanin tayar baya da sandarta akwai wani ɗan guntun ƙarfe mai kusurwa huɗu, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, shi ke haɗa su su juya tare. In an zare taya yakan faɗi cikin rairayi ba wanda ya lura. Sanda na juyawa, taya na tsaye. Koma inda aka cire tayar ka tona.

Abu na biyu: a bayan injinan da ba a sa musu giya da hannu akwai ƴar sandar da ake ja in za a tura motar. In an manta ba a mayar da ita ba, ko ka sa bel goma ba za ta motsa ba.

Bel yana yawan faɗowa, amma bai tsinke ba.

Duba abu huɗu. Sifirin ɗin fulin matsi ya saki ko ya fita. Sandar tsaro ta lanƙwashe ta yi nisa da fuli. Kaskon ya karkace, don wani maratayinsa ya fita ko tayar gefe ɗaya ba iska. Ko kuma sandar wuƙa ta lanƙwashe bayan ta daki wani abu, fulinta na rawa. In duk waɗannan lafiya, bel ɗin ya fi ƙima tsawo.

Yana ƙara, yana warin roba. In shafa masa mai ko sabulu?

A'a. Na san wasu masu niƙa suna shafa wa nasu abubuwa iri-iri don ya kama, amma mai yana narkar da roba, duk abin da ke da danƙo kuma yana tara yashi. Ƴar ƙara ta daƙiƙa ɗaya lokacin da wuƙa ke kamawa ba komai ba ce. Ƙarar da ba ta tsayawa, ko hayaƙi, kashe injin nan take.

Me ya sa bel ba ya daɗewa a nan kamar yadda ake cewa yana yi a Turai?

An ƙera injinan nan don lallausar ciyawa mai danshi da ƙasa mai kama jikinta. Mu kuwa ƙasarmu jigawa ce. Wuƙaƙen suna juyawa wajen sau 3000 a minti, suna tsotso iska daga ƙasa don su miƙar da ciyawa, to tare da iskar suke ɗebo rairayi. Rairayin nan ya shiga tsakanin bel da fuli ya zama takardar goge ƙarfe, yana cin robar yana cin ƙarfen. Da hunturu kuma ƙura ta ƙaru a kai.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin injin kuwa ya fi haka nesa. Masu ƙera bel suna lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 a zafin jikinsa yana raba kwanansa biyu. Don haka yanka da sassafe ko bayan la'asar ba don jin daɗin mai tuƙi kaɗai ba ne.

Na uku halinmu ne. Ruwa ya sauka a Yuli da Agusta, ciyawa ta tashi har gwiwa, ƙarangiya ta cika wuri, sai a tuna da inji. A shiga da shi tsakiyar dajin a ja hannun wuƙa, a ce ya cinye a tashi ɗaya. Ba zai iya ba, bel ne zai biya. In ciyawa ta yi tsawo, kira masu lauje su fara ɗebewa, ga shi dabbobi sun samu, sannan inji ya bi ya daidaita. In babu hali, ɗaga kaskon can sama ka yi zagayen farko a hankali, ka sauke ka sake bi. Ja hannun wuƙa a fili inda ba ciyawa, ka bari ta ɗauki gudu kafin ka shiga. Kuma a sa yaro ya zagaya filin tukuna ya tsince leda, waya, dutse da turakun da aka ɗaure dabbobi.

Zan iya ɗinke wanda ya tsinke, ko in haɗa shi da waya?

Ba a wannan injin ba. Gudun ya yi yawa, lanƙwasar ta yi yawa, mahaɗin zai fizge ya yi tsalle.

Na sayi biyu don ajiya. Ina zan sa ɗayan?

Ka yi dabara, don ranar da za ka nema ba lallai a samu ba. Amma kada ka rataye shi a ƙusa a rumfar kwano, rana da zafi za su busar da shi kafin ka buƙace shi, ƙusar kuma ta bar masa lanƙwasa. Bar shi a naɗinsa na asali, a sa a buhu ko kwali, a ɗaki mai sanyi, nesa da mai da batir da janareta. Ɓera ma yana gwaguyarsa. Rubuta lambar a bangon shago ko a cikin wayarka, don rubutun jikin bel yana gogewa cikin ƴan kwanaki da fara aiki.

Yaron da ke tuƙa mini ya ce a cire wayar kujera don injin ya daina mutuwa in ya sauka duba bel.

Alhaji, don Allah kada ka yarda. An sa maɓallin nan a ƙarƙashin kujera ne don wuƙa ta tsaya in mutum ya tashi. Ba a duba bel injin na aiki, ba a cire ciyawar da ta toshe da hannu ko da ƙafa injin na aiki. Bel da fuli suna kama yatsa ko bakin riga kafin mutum ya ankara, kuma riguna irin namu masu faɗi ne. A mayar da murafun fuloli bayan kowane gyara, ko da noti ɗaya ya rage a nemo wani. In ana yanka, yara su yi nisa, kada a ɗora ɗaya a cinya don ya ji daɗi, domin wuƙar na harbo tsakuwa da guntun waya da ƙarfin gaske.

Sau nawa zan riƙa dubawa?

Da damina, duk bayan yanka a bari ya huce a share saman kaskon da tsintsiya ko a busa masa iska. Kada a watsa ruwa a kan fuloli masu zafi, yana shiga boris. Sau ɗaya a mako a leƙa wuyan wuƙaƙe a cire abin da ya nannaɗe. Kafin ruwan farko, wajen ƙarshen Mayu, a sauke bel ɗin duka a lanƙwasa shi a hannu a duba cikinsa, a juya kowane fuli, a sa giris inda aka yi masa kan shiga. In an ga tsaga ko zare ya leƙo, a aika neman sabo tun lokacin, don saƙon Kano yakan ɗauki kwanaki, ciyawar Agusta kuwa cikin mako guda take rufe fili.